Yanken Auta

Hannun Yaya na dama a hankali ya fara rawa, kamar abin da ba zai kai ko'ina ba. Da farko cokali ne ke ɗan kaɗawa a cikin kofin shayi, ta ce gajiya ce. Sai zare ya ƙi shiga allura, ta ce ido ne, girma ya zo. Da abin ya kai ga tana jin nauyin sa hannu a takarda a gaban mutane, mijinta ya tasa ta gaba zuwa asibiti. Likita ya raɗa wa ciwon wani dogon suna, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce ana iya rage masa gudu amma ba a tsayar da shi. Yaya ta dawo gida ta gaya wa kowa wai likita ya ce ba komai.

Sana'arta buga rubutu ce, a wani ƙaramin kamfani mai buga littattafan karatu na yara, ɗaki biyu da baranda a saman shagon wani mai sayar da taya. Tun Auta yana firamare take wannan aikin, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa. Auta ƙaninta ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, har sanƙo ya fara leƙo masa, amma har gobe ba mai kiransa da wani suna a dangi sai Auta. Rubuta manhajar kwamfuta ne aikinsa. Manhajar da kamfanin su Yaya ke aiki da ita ma shi ya rubuta, kuma Yaya ce ta kai shi gaban Manaja a lokacin, ta ce, "Ga ƙanina, ya iya abin nan. In ya ɓata muku, ni za ku kama."

Manhajar ba wata abar tsoro ba ce. Kowane shafin littafi yana da akwatin rubutu da gurbin hoto, a gefe kuma ga jerin ƙananan maɓallai da ake dannawa da maus: gaba, baya, ajiye, kammala. Auta ya yi su mitsi-mitsi, don a lokacin gani yake haka ya fi burgewa.

To ciwon Yaya yana da wani hali na ban haushi. In ta ɗora yatsunta a kan kibod, sai rawar ta kwanta luf. Yatsun sun san gidansu. Idonta na kan takardar marubuci, hannu na zuba kamar ruwan sama a kan kwano, ba ta ko kallon sikirin. Amma da zarar ta ɗaga hannun ta kama maus, shi ke nan, kibiyar nan ta kan sikirin ta hau tsalle-tsalle ke nan.

Mijin Yaya ne ya kira Auta. Tsohon direban bas ne, kowa Direba yake ce masa, mutum ne da ba ya kwana-kwana a magana.

"Auta, yayarka ba za ta gaya maka ba, ni zan gaya maka. Manaja ya kira ta. Wai littattafan sabon zangon karatu sun taso, yana so ya zauna kusa da ita mako mai zuwa ya ga yadda aikin ke tafiya, in ya so sai su san abin yi. Ka dai san ma'anar su san abin yi."

"Kora?"

"Mutumin yana jin kunyarta, ba zai ce kora ba. Amma ita fa ba ta da komai sai kujerar nan. Ranar da babu aiki ma sai ka ga yatsunta suna bugawa a kan cinyarta. In aka raba ta da kujerar nan, wallahi ban san wace mata za ta dawo min gida ba."

Washegari da rana Auta ya hau benen kamfanin su Yaya. Ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba tukuna. Yaya ta riƙe wuyan hannun damanta da na hagu, ta sunkuya, ta ciji leɓe, tana lallaɓa kibiya zuwa kan ajiye. Kibiyar ta zagaya maɓallin, ta wuce shi, ta dawo, da ta danna sai ta faɗa kan baya. Ta ja tsaki, ta sake. Wannan ce matar da ta koya masa riƙe fensir.

Ta waiwayo ta gan shi, ta yi sauri ta saki wuyan hannun. "Kai kuma wa ya aiko ka?"

"Wucewa nake yi."

"Wucewa ta saman bene? Jirgin sama ka zama?"

Ya jawo kujera ya zauna. "Yaya, in na raba ki da ɓeran nan, maus ɗin, gaba ɗaya fa?"

"Ka raba ni da shi ka haɗa ni da me?"

"Yanke zan yi miki. Duk abin da kike zagayawa ki danna da maus, sai ki yi shi daga kan kibod. Hannunki ba zai tashi daga inda yake ba."

Ba ta tambayi wanda ya gaya masa ba, ta sani. Ta ce a hankali, "Ana iya wannan?"

"Haba Yaya. Aikin wuni ɗaya ne."

Da safe, bayan ya kai yara makaranta, ya zauna a teburinsa na kusurwar falo ya buɗe cikin manhajar. Aikin a kansa mai sauƙi ne. Kowane maɓalli na kan sikirin yana da umarnin da yake tayarwa in an danna shi. Abin da za a yi kawai, a rubuta wa manhajar cewa in ta ji an danna kaza da kaza tare a kibod, ta tayar da wancan umarnin. Wahalar tana wajen zaɓen maɓallan. Ya fara da maɓallin Kwantirol da harafi ɗaya, sai ya tarar akwatin rubutu ya riga ya cinye rabinsu, wannan na kaurara rubutu, wancan na kwafa, wancan na liƙawa. Ya gwada Alt shi kaɗai, shi kuma sai ya riƙa buɗe jerin umarnin da ke saman taga. Sai dabara ta faɗo masa: Kwantirol da Alt tare. Suna kusa da juna a gefen hagu, hannun hagun Yaya kuwa lafiyarsa ƙalau, shi zai danne su biyun, harafi ɗaya kawai ya rage.

Haruffan ma bai bi na Turanci ba, ya ce yayarsa ba za ta yi haddar wahala ba. G gaba. B baya. A ajiye. K kammala, wato a tura shafin wurin Edita mai duba rubutu a buɗe sabo. D kuma dawo, wato in an yi ɓarna a share duk abin da aka buga, shafin ya koma yadda aka same shi. Da can in za a kammala ko a share, wani ɗan akwati ne ke fitowa yana tambaya ko an tabbata, sai an kai kibiya an danna masa. Auta ya dube shi ya ce, kai ne babban mugun, ya cire shi. Ya gwada komai ya ga yana tafiya sumul, har ya tashi ya ɗan taka rawa shi kaɗai a falo, matarsa ta leƙo daga kicin ta ce ko lafiya.

Ranar da babu aiki ya ɗauki laftof ɗinsa ya tafi gidan Yaya da la'asar. Aka ɗora shi a kan teburin cin abinci, Direba ya janye kwanuka gefe ya tsaya a bayansu ya harɗe hannu. Auta ya faɗa mata haruffan sau ɗaya, ta maimaita, ta kama. Ta fara bugawa daga wani tsohon littafi. Ba ta yi nisa ba ta tsaya.

"Injin nan naka ba ya da ƙugiya. Na danna ƙ, bai fito ba."

"Ban sa masa ba. Ki buga haka nan, gwaji ne kawai."

"Ka ji shi ko? Mutumin da zai turo maka saƙo ya rubuta kasa, kai za ka nemo wa kanka ko ƙasa yake nufi ko kasawa ya yi. Ran nan ya rubuto min wai ya sayi kofa, na ce Allah ya sa alheri."

"Ai kin gane."

"Na gane don ni na yi goyonka."

Haka Auta yake, gaskiya ne. Irin mutanen nan ne da tun da suka fara riƙe waya ba su taɓa neman harafi mai ƙugiya ba, ɓ da b duk ɗaya ne a wurinsu, mai karatu ya ji da kansa. Ya yi dariya, ita ma ta yi, ta ci gaba da bugawa babu ƙugiya tana mita. Shafi ya cika, hannun hagu ya danne maɓallai biyu, yatsa ya taɓa K, shafi ya wuce, sabo ya buɗe. Ta koma baya, ta zo gaba, ta ajiye. Ko sau ɗaya hannunta bai tashi daga kan kibod ba. Direba ya ce, "Kai! Kai! Wannan ai ta fi da gudu." Auta ya ga Yaya ta share gefen ido da kafaɗa don kada ta ɗaga hannu. Da zai tafi ta cika masa leda da lemo ta ce ya kai wa yara, ta raka shi har bakin titi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ranar da Manaja zai zauna da ita, Auta ya riga kowa zuwa ofishin, ya ɗora sabuwar manhajar a kwamfutar teburinta. Ya danna G, ya danna B, ya ga suna amsawa. Da Yaya ta iso ya so ya tsaya, ta kore shi. "Tafi aikinka. Kada a ce tsohuwa ta zo da ɗan rakiya." Ya sauka yana murmushi, ya wuce wani kantin magani da ke jiransa ya gyara musu tasu manhajar.

Har azahar ta wuce ba ta kira ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya kira Direba, shi kuma ya ce, "Tana gida. Ka zo."

Ya same ta a zaune a bakin gado da kayan fita a jikinta, jakarta a gefe, ga kofin shayinta na ofis da ɗan matashin da take jingina da shi a kujera, duk ta kwaso. Hannun dama yana kan cinyarta yana kaɗawa, ba ta ma ɓoye shi ba.

"Yaya, me ya faru? Yanken ne bai yi ba?"

"Yankenka ya yi. Har ya yi yawa." Muryarta a bushe take. "Hannun ne, Auta. Ya iso yatsun."

"Ban gane ba."

"Ina bugawa, ina jin kamar daidai nake bugawa. Na ɗaga kai, shafi babu komai. Na sake, sai ga rabin jimla ta tafi wurin Edita. Na sake, sai ga ni ina rubutu a tsakiyar shafin jiya. Yatsuna suna danna abin da ban aike su ba, kuma ban ma ji sun danna ba. Wannan ne ya fi tsorata ni, ban ji ba. Manaja na zaune a nan kusa da ni, yana kallon ƙasa don kunya. Edita ya leƙo ya ce wane ne ke turo masa guntaye. Na ce wa Manaja ya isa. Na ce ya nemi wata."

"Bari in je in duba injin, wataƙila..."

"Ba a gidan nan muka gwada ba? A gabanka? Bai yi ba?"

Ya yi. Da idonsa ya gani. Auta ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Shi ma a ransa ya yarda, don likita ya riga ya faɗa, ciwo ne mai tafiya gaba.

Makonnin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Yaya ta daina fita. Direba ya ce ta daina bugawa a kan cinya, yanzu zama take yi ta tura hannun a ƙarƙashin cinyar ta danne shi. Ta daina zuba shayi da kanta. Ta daina gyara wa kowa magana, ita da ko mai karanta labarai a rediyo ba ta ƙyalewa. Auta yakan je da yamma, su zauna, ta tambaye shi yara, ya ce suna lafiya, shi ke nan. Sau ɗaya ya ce mata akwai manhajar da ake yi wa magana ta rubuta, ta ce, "Auta, don Allah." Bai ƙara ba. In ya koma gida ya buɗe laftof, sai ya ji aikin duka ya fita daga ransa. Mene ne amfanin sana'ar da ba ta iya riƙe wa mutum yayarsa a kujera ba? Ita kuwa a hankali ta fara cewa haka Allah ya so, wanda ya ba da hannun shi ya karɓi abinsa. Tana faɗa tana gyaɗa kai, kuma da alama maganar tana ɗan sanyaya mata rai.

Teburin Yaya na ofis ya daɗe babu kowa, Edita ne ke ta fama da bugun a tasa kwamfutar mai tsohuwar manhaja. Sai wata safiya Manaja ya kira Auta.

"Injiniya, ka yi haƙuri, na san ba lokacin da ya dace ba ne. Mun ɗauki wata, yau ta fara. To ta ce injin yana mata wasa."

Auta ya bar abin da yake yi ya nufi ofishin.

Sabuwar mai bugun wata mata ce mai farin gilashi, ta kai sa'ar matarsa, hannunta tsaye kyam. Tana kan kujerar Yaya, ta sauke ta ƙasa kaɗan. Ta gaishe shi ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. Duba ka gani." Ta nuna masa layin farko a takardar marubuci: Wata rana wani ɗan ƙwaro ya ɓace a cikin ciyawa. Ta buga a hankali. Wata rana wani. Babban yatsanta ya danne Alt na dama, ta taɓa d don ta fitar da ɗ. Shafin ya koma fari fat.

"Ka gani? In kuma ƙ ce, tafiya yake yi wurin Edita. In ɓ ce, baya yake komawa. Na ɗauka ni ce, sai da na bi su ɗaya-ɗaya."

Auta ya ce ta ɗan ba shi wuri. Ya zauna, ya rubuta ɗan layi guda da zai sa manhajar ta nuna duk abin da take ji daga kibod. Ya danne Alt na dama, ya taɓa k. A ƙasan sikirin aka rubuto: Kwantirol, Alt, K.

Ya zauna yana kallon kalmomin nan uku. A kwamfutar ofishin, da Alt na dama ake fitar da haruffa masu ƙugiya, kuma a irin wannan tsarin, in an danna Alt na dama, inji ji yake kamar an danna Kwantirol da Alt tare. Ya san wannan. Ya taɓa karantawa, ya wuce, don bai taɓa shafarsa ba. Duk haruffan duniya, sai ya je ya zaɓi B da D da K, su ukun nan cif da ke da ƙugiya, ya ɗora musu baya da sharewa da turawa, sannan ya cire ɗan akwatin da zai tsaya ya tambaya. Laftof ɗinsa kuwa ba shi da ƙugiya, balle abin ya nuna kansa a gida. Innalillahi! Yaya ba ta danna komai ba daidai ba. Ta buga ɗ ɗinta da ƙ ɗinta yadda ta saba bugawa tun yana yaro, idonta na kan takarda, shi ne ya haƙa mata rami a ƙarƙashin kowannensu.

Gyaran bai kai a sha kofin shayi ba. Ya mayar da yanken kan jerin maɓallan da ke can saman kibod, waɗanda ba ruwansu da kowane harafi. Mai gilashi ta buga layin ƙwaron ya fita tsaf, ta ce madalla. Saurin gyaran ma ya ƙara masa baƙin ciki.

Ya shiga wurin Manaja ya yi masa bayani a tsaye. Manaja ya cire hula ya dafe kai. "Subhanallahi. Ina zaune a wurin fa. Ina ganin tana bugawa da kyau, sai in ga abu ya ɓace. Na ɗauka... kowa ya ɗauka." Sannan ya ce, "Injiniya, ni ban kore ta ba, ita ta tashi. Wannan baiwar Allah na riga na ɗauke ta, ba zan ce ta tafi ba. Amma aiki ya yi mana yawa, akwai tsohon tebur a baranda, sai a shigo da shi. Ka ce ta zo ta zauna ta buga min shafi ɗaya in nuna wa masu kamfani, shi ke nan."

Auta ya sa wa laftof ɗinsa tsarin ƙugiya a nan take, ya ɗora manhajar iri biyu, mai ramin da gyararriya. A cikin bas yana ta shirya yadda zai faɗa, kowace jimla ya ɗauko sai ta watse.

Ya same su a falo, rana ta shigo ta taga har kan tebur. Bai zauna ba. Ya ce, "Yaya, ba hannunki ba ne. Ni ne." Ya faɗi komai, yana haɗa kalmomi da ƙyar.

Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta yi wani ɗan murmushi. "Allah ya yi maka albarka, Auta. Kai da Direba kuka shirya wannan?"

"Wallahi ni yanzu nake ji," in ji Direba.

"Ba lallashi ba ne, Yaya. Zo ki gani."

Ya buɗe mai ramin a kan tebur. Ya buga wata rana wani, ya danne Alt na dama, ya taɓa d. Fari fat. Yaya ta taso ta tsaya a kansa.

"Sake."

Ya sake. Ya yi da ƙ, shafi ya wuce. Ya yi da ɓ, ya koma baya. Hannunsa lafiyayye, ga shi yana yin duk abin da nata ya yi.

"Sake."

Ya sake. Direba ya ja wani dogon numfashi ya fita baranda.

Ta jawo kujera ta zauna a hankali. "Wato ran nan hannuna..."

"Ƙalau yake, Yaya. Ko harafi ɗaya ba ki kuskure ba."

Ya so ta zage shi. Ya so ta ɗaga hannun nan ta kwaɗa masa mari kamar yadda ta taɓa yi yana yaro, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ya yi sauri ya buɗe gyararriyar, ya tura laftof ɗin gabanta, ya gaya mata saƙon Manaja, shafi ɗaya tak, har tebur za a shigo da shi.

Ta zaro hannun daga ƙarƙashin mayafi. Ta ɗora yatsun a kan kibod. Auta ya jira ya ga rawar ta kwanta kamar yadda ta saba. Amma Yaya ba takarda take kallo ba yanzu, yatsun take kallo, tana tsaron su kamar mai tsaron yaro a bakin rijiya. Su kuma suka ƙi kwanciya. Ta buga, w ta fito biyu. Ta goge, ta sake, r ta fito uku. Ta ciji leɓe ta lallaɓa har ta kai wata rana wani. Babban yatsanta ya je kan Alt na dama ya tsaya a sama yana kaɗawa.

"Danna, Yaya. Na gyara."

"Na san ka gyara."

"To danna. Ba abin da zai ɓace."

Yatsan ya sauko har ya taɓa maɓallin, ya sake tashi. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta daɗe a haka, har sikirin ya gaji ya dushe. Sannan ta janye hannun, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta.

"Gobe sai mu sake gwadawa," in ji Auta. "Tsoro ne kawai. Kullum zan zo, a hankali zai..."

"Ka ce wa Manaja na gode. Kada ya wahalar da kansa da tebur."

"Yaya, don girman Allah."

Ta juyo ta dube shi sosai, idonta a bushe. "Da ka bar ni ban sani ba, Auta. Na riga na ce Allah ne ya karɓi abinsa, na haƙura, har na fara samun barci. Yanzu ka zo ka ce min ranar nan ina da hannuna, na tashi da ƙafata na ba da kujerata. To da wa zan yi fushi? Da kai?"

Ta tashi tana dafa tebur da hannun hagu, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.